Rabin Aji: Gari Ɗaya, Makarantu Iri Biyu

A yawancin ƙananan garuruwa na jihohin Arewa, iyaye kan tarar da bambanci mai yawa tsakanin ajin share fage, watau rabin aji, na makarantar firamare ta tsakiyar gari da na makarantun da ke bayan gari, ko da yake duka na Gwamnati ne, kuma Hukumar Ilmi ta Ƙaramar Hukuma ɗaya ce ke kula da su.

Asalin al'amarin yana da tarihi. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da muhimmancin ilmin ƙananan yara, amma ta bar kafa makarantunsu a hannun masu zaman kansu. Sai a Dokar Ilmin Bai Ɗaya ta 2004 aka shigar da shi cikin ilmin tushe. Daga baya Manufar 2013 ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin shiga aji ɗaya, ta kuma ƙayyade yara 25 ga kowane malami.

Wajen aiwatarwa ne hanya ta rabu. Makarantar tsakiyar gari tana kusa da ofishin Sakataren Ilmi, sufeto na iya leƙa ta a ƙafa, kuma 'ya'yan ma'aikata ne suka cika ta. Saboda haka ta fi samun ɗaki na musamman da 'yan kujeru da malama mai takardar NCE. Sai dai sunan da ta yi kan jawo mata cunkoso har malama ta kasa sanin sunayen yaranta.

A bayan gari kuwa, sau da yawa rabin aji inuwar bishiya ce ko bayan ajin 'yan aji ɗaya, inda ƙanne ke zaune a tabarma suna jiran yayyensu su tashi. Idan malami ya yi ƙaranci, malamin rabin aji ake fara janyewa, domin babu jarrabawar da za ta tona asirin rashinsa.

Batun kuɗi ma yana da hannu. Dokar 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilmin tushe, amma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Jihar da ta yi jinkiri, ƙauyukanta ne ke fara ji a jika.

Illar kuwa ita ce, yara biyu 'yan shekara shida za su shiga aji ɗaya, wannan ya saba da riƙon fensir, wancan bai taɓa ganin littafi ba, alhali darasi ɗaya za a koya musu.

Ya kamata hukumomin ilmi na jihohi su riƙa tura malaman share fage bisa yawan yara, su hana a janye su, sa'an nan sufetoci su riƙa sa rabin aji cikin rahotonsu. Kwamitocin kula da makarantu kuma suna iya fara wa da abin da bai fi ƙarfinsu ba, kamar tabarmi da randar ruwa da bayan gida mai tsabta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.