Farashin da babu kaya a bayansa

Ranar 30 ga Janairun 2025 kamfanin Nvidia ya fitar da katin sarrafa hoto na kwamfuta mai suna RTX 5090, a kan dala 1,999. Tun kafin ranar, mutane suka kafa tantuna a ƙofar shagunan Micro Center a Amurka, cikin tsananin hunturu. Da aka buɗe ciniki, kaya suka ƙare cikin 'yan mintuna, sannan suka sake ɓullowa a eBay da ninkin kuɗinsu. Haka aka yi a Satumban 2020 da RTX 3080 na dala 699: manhajojin saye masu sarrafa kansu suka riga mutane wawashe kayan, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri.

An saba ɗora laifin a kan masu sayen kaya don su tsawwala, kuma sun cancanci zargi. Amma duk wanda ya taɓa kwana a layin mai ya san ɗan bumburutu ba ya cin kasuwa sai gidan mai ya bushe. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Abin tambaya shi ne wanda ya tsaga bangon.

A 2020 da 2021 akwai uzuri: annobar korona, ƙarancin ƙwayoyin lantarki a duniya, da masu haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da ke kwashe katuna da yawa a lokaci guda. Ethereum ya daina dogara da haƙa a Satumban 2022, annoba ta wuce, amma ƙarancin ya dawo. Dalilin yana cikin lissafin kamfanin. A shekarar kuɗinsa da ta ƙare a Janairun 2025, Nvidia ya samu dala biliyan 130.5. Kimanin biliyan 115 daga cibiyoyin sarrafa bayanai suka fito, inda ake horar da ƙirƙirarriyar basira, yayin da ɓangaren wasannin kwamfuta ya kawo kimanin biliyan 11. Ƙwayoyin ɓangarorin biyu kuwa duk kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera su. Ba sai an yi duba ba kafin a san wanda za a fara sallama.

Babu mai hana ɗan kasuwa bin inda riba ta fi tsoka. Abin da ba shi da hujja shi ne shelanta farashin da bai tanadi kayan da za su tsaya masa ba. Da wannan farashin masu gwajin na'urori ke auna katin su yaba shi, da shi ake cika kanun labarai, alhali mafi yawan masu saye ba za su taɓa ganinsa ba. Kamfanin kuma ya sani, domin kwanaki kafin fitowar RTX 5090 shi da kansa ya yi gargaɗin cewa kaya na iya yankewa.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Lokacin da Valve ya buɗe rajistar Steam Deck a 2021, ya karɓi kafin alƙalami na dala 5, ya keɓe kwanakin farko ga masu tsohon asusu, kowa ya jira layinsa. Wanda ya iya ƙera ƙwayar da ke ɗauke da dubban miliyoyin tiransisto ba zai gaza tsara layi ba, in ya ga dama.

Saura mai saye. Mai tace fim a Kano da ya biya farashin ɗan bumburutu, ya ɗora canjin dala, kuɗin jirgi da na kwastan, ya sayi gaggawa ce da jarinsa, kuma ya tabbatar wa mai tsawwalawa cewa sana'arsa tana ci. Waɗanda suka yi haƙuri har ƙarshen 2022 sun ga yadda katunan masu haƙa suka cika kasuwar gwanjo, farashi ya faɗi. Katin bara yana tace fim ɗin bana. Duk wanda aikinsa bai tsaya ba, babu abin da zai rasa in ya bar wa ɗan bumburutu kayansa.