Jirgin ƙasa: ba a fafe gora ranar tafiya

Duk buhun shinkafa, duk sumunti, duk maganin asibiti da ke shigowa Nijar, a bayan babbar mota yake zuwa. Duk albasar Galmi da ke fita, haka. Ƙasar da ba ta da teku, wadda daga Yamai zuwa tashar Kwatano ya zarce kilomita 1,000, ta ɗora rayuwarta kacokan bisa taya da kwalta. Raƙumi da jaki da amalanke suna nan suna hidimarsu a karkara, amma ba su ne za su ciyar da birane ba.

Kuɗin wannan zaɓi talaka ne ke biya. Masana hanya sun daɗe da nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan gindin mota sau biyu, ɓarnar da take wa kwalta tana ninkuwa wajen sau goma sha shida. Shi ya sa ƙungiyar UEMOA ta kafa dokar ƙayyade nauyi a 2005. Wanda ya bi hanyar uraniyom, Tawa zuwa Arlit, ya ga abin da lodi da rashin gyara ke yi wa hanya. Kowane rami, kowace taya da ta fashe, kowane shingen duwan da jandarma, a farashin tiya yake ƙarewa.

Jirgin ƙasa kuwa ya daɗe yana zuwa bakin ƙofar Nijar yana tsayawa. Dogo ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Na Kwatano ya iso Faraku a 1936, bayan kilomita 438, bai ƙara gaba ba. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar, wadda daga baya aka sani da OCBN. Nijar ta zama mai hannun jari cikin jirgin da bai taɓa taka ƙasarta ba.

Sai 2014, lokacin da gwamnatin Issoufou Mahamadou da kamfanin Bolloré suka soma shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140. An yi bikin buɗewa a watan Janairun 2016, saura makwanni a yi zaɓe. An buga tambari, an ɗauki hoto, sa'annan shiru. Shari'a a kotunan Benin ta tsai da aikin, shekaru suka shuɗe jirgin bai yi jigilar kaya ko fasinja ba.

Kuskuren a bayyane yake. An fara gini daga rufi. Dogon da bai haɗu da wani dogo ba, bai kai tashar ruwa ba, ƙarfe ne kawai a kwance cikin rairayi. An soma daga fadar mulki, inda ido ke gani, maimakon daga Faraku, inda kaya ke jira.

Abin da ya faru a 2023 ya ƙara tona asiri. Da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin watan Yuli, dole manyan motoci suka koma hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, cikin rakiyar soja, suna makwanni a hanya. Matan gida sun ji a jikinsu kafin ministoci su ji. Mai ƙofa ɗaya, ran da aka rufe ta, ya zama ɗan sarƙa a gidansa.

Ga wata ƙofa ana sassaƙawa. A watan Fabrairun 2021 Najeriya ta aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce: ta nan gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa bi zuwa jirgin Kano tun zamanin Turawa. Bambancinsa da na Doso shi ne yana da inda ya fito.

Amma wa ya shirya tarbarsa? Jirgi na buƙatar tashar tsandauri, da rumbuna, da duwan mai sallamar kaya cikin kwana ɗaya, da hanyoyi masu lafiya zuwa Damagaram, Ƙonni da Tawa. Akwai kuma batun faɗi: na Maraɗi faffaɗa ne, na Doso mita ɗaya, jirgin wannan ba ya hawa wancan. Wajibi ne hukumomi su tsai da faɗi guda kafin su sake sayen ko da sanda ɗaya ta ƙarfe.

Masu manyan motoci kada su ɗauki jirgi kishiya. Shi zai ɗauki nauyi da nisa, su su rarraba cikin ƙasa, kwalta ta huta.

An yi wa jama'a bikin jirgi sau ɗaya, ba su ga jirgi ba. Duk wanda zai sake yanka ƙyalle, a fara tambayarsa: daga ina jirgin ya taso, me ya ɗauko, nawa buhu zai sauka a kasuwa?