Jiƙa iri da makomar dashen itatuwa a Kano

Kano na cikin jihohin Najeriya 11 da shirin Tarayyar Afirka na kafa shingen itatuwa domin dakile kwararowar hamada, wanda aka ƙaddamar a 2007, ya shafa.

To sai dai nasarar dashe daga iri take farawa.

Ƙwayar ɗorawa da tsamiya da kuka na da ɓawo mai tauri da ruwa ba ya saurin ratsawa, don haka takan daɗe ba ta tsiro ba.

Masu renon itatuwa kan zuba mata ruwan zafi, su bar ta ta kwana a jiƙe. Idan jiƙon ya zarce kima, sai ta rasa iska ta ruɓe.

A unguwanni masu cunkoso irin su Shahuci, inda inuwa ta yi ƙaranci, irin da ya ruɓe bana asarar damina guda ce.