Kasada Ta Zama Hajar Talla

Ranar 14 ga Oktoba, 2012, Felix Baumgartner ɗan ƙasar Ostiriya ya diro daga nisan kusan kilomita 39 a sararin jihar New Mexico ta Amurka, mutum wajen miliyan 8 na kallonsa kai tsaye a YouTube. Kamfanin Red Bull ne ya ɗauki nauyin komai, tambarinsa kuma na manne a rigar mutumin. Sauran aikin jama'a suka yi wa kamfanin kyauta, kowa na tura wa ɗan'uwansa bidiyon, gidajen talabijin na ta maimaitawa a matsayin labari.

Matsalar ita ce ido ba ya ƙoshi. Abin da ya tsinka zuciyar mai kallo bara, bana ko tsayawa ba zai yi a kansa ba, dole sai an ƙara wa kasadar gishiri. A 2022 matuƙa biyu, su ma da tambarin kamfanin, suka yi yunƙurin musayar jirage a sararin Arizona, alhali hukumar sufurin sama ta Amurka ta ƙi ba su izini. Jirgi ɗaya ya faɗo, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Hukumar ta ƙwace lasisin matuƙan. A ganinmu, kamfanin da ya ci ribar kallon ma ya cancanci a tuhume shi.