TUNA BAYA: Ibro, gandiroban da ya koma gidan yari a fursuna

Idan ana lissafin 'yan wasan barkwanci a ƙasar Hausa, sunan da ke fara zuwa bakin kowa shi ne Rabilu Musa, wato Ɗan Ibro. Sai dai da yawa daga cikin matasan da ke kallon guntayen finafinan sa a waya yanzu ba su san inda ya faro ba, balle irin wuyar da ya sha.

An haifi Rabilu a 1971 a ƙauyen Ɗanlasan da ke Ƙaramar Hukumar Warawa a Jihar Kano, ya kuma yi makarantar horon malamai a Wudil. Daga nan ya shiga aikin gandiroba, inda ya yi kimanin shekara takwas kafin ya tuɓe kaki ya rungumi wasa gadan-gadan.

Wasan daɓe shi ne makarantar sa ta gaskiya. A daɓe kuwa babu darakta mai cewa a sake. Idan ka yi abin dariya ba a dara ba, nan take za ka ga sakamako a fuskar jama'a. A nan shi da abokan sa irin su Kulu da 'Yautai su ka goge. Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero sun riga sun share fage a talbijin. Shi kuma Ibro zamanin kaset ɗin bidiyo ya tarar, ya zama uban finafinan camama.

Me ya sa ya karɓu haka? Yayin da sauran finafinai ke nuna manyan gidaje da motoci da rawa a cikin furanni, shi baƙauye ya ɗauko, da jar hular sa da wayon sa da tsoron sa. Manomin Dawakin Tofa ko ɗan dakon kasuwar Dawanau idan ya zauna a gidan kallo, maƙwabcin sa ya ke gani a allo. Ba ya barin abin da duniya ke ciki ya wuce shi: ana tsakiyar maganar Usama bin Laden sai ga 'Ibro Usama', ana yayin Awilo sai ga 'Ibro Awilo'.

To, amma ba kowa ke son wargi ba. A 2008, lokacin da Malam Abubakar Rabo ke shugabantar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi wata biyu kan fim ɗin 'Ibro Aloko', bisa zargin rawar rashin ɗa'a da gudanar da kamfani ba rajista. Ikon Allah! Wanda ya taɓa riƙe makullin gidan yari, sai ga shi an kulle shi a ciki. Da ya fito bai ja da baya ba, ya koma bakin aikin sa.

Allah ya yi masa rasuwa a Kano ran 10 ga Disamba, 2014, bai wuce shekara 43 ba.

Masu sha'awar shiga harkar barkwanci, ku lura: hula da gatsine kowa ma zai iya aro. Sanin halin talaka da Ibro ya yi, sai wanda ya zauna da jama'a ya saurare su.

Allah ya jiƙan sa, ya sa ya huta, amin.