Ba Kowane Fim Ake Yankawa Kamar Bidiyon TikTok Ba

Kai mai ɗaukar bidiyo da waya, wannan yanke-yanken da kake yi wajen editin, duk bayan daƙiƙa biyu, ba kowane labari yake yi wa kyau ba.

Kalli faɗan Jackie Chan: kyamara na ja da baya, ka ga duka da faɗuwa a hoto ɗaya, shi ya sa yake burge ka. Fim ɗin ban tsoro kuwa jira ne makaminsa. Kyamara ta kafe a kan ƙofa, shiru, har gabanka ya fara faɗuwa.

Amma kai, a naka bidiyon uwa na kuka, ka yanka sau biyar, har da ɗora kiɗa. Haba malam! Yaushe za mu samu damar jin tausayinta?