An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, lokaci ya yi da za mu tsawata wa masu gyaran kwamfuta waɗanda ba su san magani ba sai guda: shafe komai. Wasan intanet ya tsinke ana tsakiyar fafatawa, allo ya yi shuɗi, ɗalibi ya garzaya wurinsu. Nan take sai su share Windows, su haɗa da kundin bincikensa na shekara guda, su karɓi kuɗi. Bayan kwana biyu cuta ta dawo. Wannan gyara ne ko ɓarna?

Sau da yawa laifin yana ga ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM. Ko dai sandarta ta lalace, ko ta saki a mazauninta, ko kuma wasan ne yake cin ƙwaƙwalwa ba ya saki har ta ƙare. Tsohon wasa mai bit 32 kuwa ba ya iya wuce gigabait 4, ko da na'urar tana da 16. Wanne daga cikin waɗannan shafewa za ta warkar?

Abin takaici, gwajin kyauta ne. MemTest86 yana nan tun 1994, Windows ma yana da nasa, a rubuta mdsched kawai. Idan sanduna biyu ne, a kashe na'ura, a zare ɗaya, a gwada kowace ita kaɗai, mai laifi za ta tonu.

Saboda haka kada kowa ya biya ko kwabo sai an nuna masa sakamakon gwaji. Mai gyaran da ya ƙi, a ɗauke na'ura a bar masa rumfarsa.